Gargaɗi ga masu ƙananan jirage: soson katifa ake sayar muku da sunan kayan jirgi

Salamu alaikum. Wannan saƙo na masu ƙananan jiragen sama ne, da injiniyoyin da ke kula da su, da ɗaliban tuƙi waɗanda ke ba iyayen gidansu shawara. Akwai wani mutum da ke tallar kayan rage ƙara da zafi na cikin jirgi a Facebook da zaurukan WhatsApp. Yana cewa kayan Amurka ne, an yanka su daidai da ƙananan jirage ƙirar Cessna 172 da Piper, kuma za su rage ƙarar cikin jirgi da rabi. Kuɗinsa bai kai na dillalan gaskiya ba, amma sai ka biya duka kafin ya aiko. Don Allah kada ku saya.

Na riƙe kayan da hannuna, domin wani abokin aikina ya saya ya kawo mini in duba kafin a saka. Abu biyu ne a cikin kwalin: soso mai ruwan toka wanda aka manna wa takardar azurfa a gefe ɗaya, da baƙar roba mai danƙo irin wadda masu gyaran mota ke liƙawa a ƙofa don rediyo ya yi daɗin ji. Na yanki ɗan guntun soson, na fita da shi nesa da rumfar jirage, na kusanta masa wutar ashana. Nan take ya kama, yana narkewa yana ɗiga da wuta, baƙin hayaƙi na tashi. Na janye ashanar, bai mutu ba har sai da ya cinye kansa. Kayan da aka yi don jirgi ba haka suke ba. Takardar gwajin wuta da mai tallar ya haɗo kuwa hoto ne na hoto, lambar kayan da ke jikinta daban da wadda ke jikin kwalin, ga wurin kwanan wata ya dushe.

Wani zai ce ai soso ne kawai, me zai yi? A ranar 2 ga Satumba 1998, jirgin Swissair mai lamba 111, ƙirar MD-11, ya taso daga New York zuwa Geneva, ya faɗa teku kusa da gaɓar Nova Scotia a Kanada. Mutum 229 ke ciki, babu wanda ya tsira. Masu binciken Kanada sun gano cewa wuta ta tashi a saman rufin ɗakin matuƙa, inda wayoyin lantarki suke, kuma abin da ya ba ta hanyar yaɗuwa shi ne ledar da aka lulluɓe kayan hana zafi da ita. Bayan haka hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba da umarnin cire irin wannan leda daga jirage. Wannan fa kaya ne da ya ci gwajin zamaninsa. To ina ga soson da ba a taɓa gwada shi ba sam? Irin wannan soso idan ya ƙone yana fitar da hayaƙi mai guba, kuma a jirgi mai kujera huɗu matuƙi ba shi da inda zai matsa. Bangon ƙarfen da ke raba inji da mutane an yi shi ne ya jure wuta mai zafin kimanin digiri 1,100 har minti 15, don matuƙi ya samu lokacin sauka. Mutumin nan yana ce wa mutane su liƙa sosonsa a bayan wannan bangon. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Ko da wuta ba ta tashi ba, soson yana shan ruwa. Damina ɗaya ta isa ya riƙe laima a jikin alminiyon, tsatsa ta riƙa ci a ɓoye inda idon mai duba jirgi ba ya kai. Robar kuma nauyi ne da ita. Cessna 172 kimanin kilo 400 take ɗauka, har da mai da mutane, kuma duk kilon da ka liƙa mata sai ya shiga lissafin nauyi da daidaito. Ga zafin Arewa, jirgi ya yini a rana, danƙon ya saki, guntu ya zame ya faɗa inda wayoyin sarrafa jirgi ke wucewa.

Maganar rage ƙara da rabi ma ƙarya ce. Farfela mai fiffike biyu da ke juyi 2,400 a minti tana dukan iska sau 80 a daƙiƙa. Wannan rugugi ne mai kauri, siririn soso ba ya tare shi, kuma da yawansa ta tagogi yake shigowa. Na san ƙarar tana gajiyarwa, kuma daɗewa cikin ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti yana lalata ji, don haka ban ga laifin mai neman sauƙi ba. Amma kuɗin nan gara ka sayi na'urar kunne mai kashe ƙara da su, ka kuma canza robar bakin ƙofa idan ta tsufa.

Idan lallai kana son a saka kayan rage ƙara, fara da injiniyanka mai lasisin NCAA, wato hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, tun kafin ka tura ko sisi. Ya duba takardar gwajin wuta ya ga lambarta ta yi daidai da ta kayan, ya tuntuɓi kamfanin da aka ce shi ya yi su, sannan ya rubuta aikin a littafin jirgi tare da sabon nauyi. Da muka nemi wannan mutum ya ba mu sunan kamfanin, sai ya ce sirrin kasuwanci ne, daga nan ya daina ɗaukar waya.

Wanda ya riga ya saka, kada jirgin ya sake tashi sai an cire an duba ƙarfen da ke ƙasa. Ajiye rasit da hotunan hirarku, ka kai rahoto ga NCAA da bankinka, sannan ka sanar da sauran masu jirage da kuke ajiya a fili ɗaya, domin mai yiwuwa ba kai kaɗai ya sayar wa ba.