Gargaɗi ga masu tayar da tsofaffin motoci: akwai mai sayar da mataccen famfon injekta

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan ne don kada abin da ya same ni ya sami wani, musamman masu neman kayan gyaran tsofaffin gingimari a Zariya da kewaye.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Mercedes 911 mai bodin katako, irin mai gajeren hanci wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin ANAMMCO na Inugu a shekarun 1980. Da ita ya yi jigilar masara da tumatir zuwa kudu, da ita ya ciyar da mu. Bayan rasuwarsa ta yi shekara da shekaru a bayan gidanmu a Tudun Wada, a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba, zanzaro ya yi gini a bututun iska, ɓeraye sun cinye wayoyi. 'Yan gwangwan sun sha zuwa tayi, na ƙi.

Bana na ɗauko wani dattijon bakanike daga Sabon Gari wanda ya san injin OM352 kamar yunwar cikinsa. Ya cire nozul shida, ya ɗura gas da baƙin mai a kowace silinda, muka bar shi ya jiƙa kwana goma. Ranar da ya sa dogon ƙarfe ya danna injin ya juya da hannu, sai da na yi ƙwalla. Muka wanke tanki, muka canza filta, muka sayo batir biyu. Famfon injekta, wato mai tura gas zuwa cikin injin, shi kaɗai ya ƙi. Ruwa ya shige shi, ya ci tsatsa har ciki. Baba bakanike ya ce, "Ɗana, wannan kam ya gama aiki, sai a nemo wani."

Na zaga Panteka a Kaduna, na aika Ƙofar Ruwa a Kano, ban dace da wanda hankalina ya kwanta da shi ba. Sai na yi cigiya a wani zauren masu manyan motoci a Facebook. Ko awa biyu ba a yi ba wani ya kira ni. Hausa ce tsantsa a bakinsa, ya yi mini ta'aziyyar mahaifina, ya ce shi ma ubansa direban 911 ne. Ya turo bidiyo ta WhatsApp: famfon Bosch mai layi shida, fes, a kan shuɗiyar leda, ana tura rak, wato sandar ƙarfen da ke daidaita mai a cikin famfon, yana tafiya yana dawowa sumul. Ya ce ɗan Beljiyam ne, bai taɓa aiki a Najeriya ba, yana Legas. Muka daidaita a naira 380,000. Na tura 200,000 kafin alƙalami, washegari ya ce direba ya ƙi ɗauka sai an cika, na cika, har da kuɗin mota 15,000. Sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da ya faɗa mini ba. Na tambaya, ya ce, "Alhaji, na ƙanena ne, nawa yana da matsala." Na karɓa, don zuciyata ta riga ta tafi ga jin kukan motar nan.

Kaya ya iso, na karɓo a Kwangila cikin buhu. Tun kafin Baba ya kwance ya ce yana jin warin sabon fenti. Ya sa farce ya kankare gefe, sai ga walda a ƙarƙashin fentin azurfa, an goge ta da giranda. Farantin lamba kuma da sababbin ƙusoshi aka liƙa shi, daga wani famfon aka ciro. Muka kai wurin mai injin gwaji, ya buɗe murfin gefe: filanja biyu, wato ƙananan fistin da ke tura gas, sun ƙame, ɗaya babu sifirin, rak kuwa ya maƙale a wajen cikakken mai.

Wannan maƙalewar ita ta fi tayar mini da hankali, fiye da kuɗin. Rak shi ke ƙayyade yawan gas ɗin da ke shiga injin. Idan ya maƙale a buɗe aka tayar da mota, gwamnan famfon, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, ba zai iya ja da shi baya ba, injin zai yi ta hawa har ya tarwatse, kuma kashe makulli ba ya tsayar da shi, sai dai a toshe masa iska. Da mun ɗaura shi kai tsaye, Baba da yaransa biyu ne a tsaye a kan injin.

Na kira mai kayan, ya rantse yaron shago ne ya yi kuskure, in ƙara 60,000 ya aiko na gaskiya, in mayar da wancan daga baya. Da na ce ya fara aikowa, ya toshe layina. Na kai ƙara banki da wurin 'yan sanda, na miƙa rasit da hirarmu duka.

Daga baya wani mai tifa a Samaru ya nuna mini bidiyon da aka turo masa, shi ne dai, ledar nan shuɗiya da jar buta a baya, amma da wata lambar waya da wani suna. Shi an ce masa kayan yana Anaca. Ke nan mutumin yana zaune cikin zaurukan nan yana jiran mai cigiyar abin da ya yi wuya.

Don Allah, duk mai neman famfo, nozul ko kan silinda na 911, Bedford ko Steyr, kada ya tura ko sisi sai bakanikensa ya riƙe kayan a hannu an ɗora a injin gwaji. In mai kaya na nesa ne, a nemi ɗan'uwa a garin ya je shagon da ƙafarsa, ko a sa shi kiran bidiyo kai tsaye ya nuna lambar farantin ya tura rak a gabanka. In sunan asusu ya saɓa da nasa, a tsaya nan.

Tsohon famfonmu yanzu yana wurin mai gwaji, ya ce zai nemo filanja ɗaya-ɗaya ya sake haɗa shi. Wanda kuma aka taɓa turo wa bidiyon nan mai jar buta, ya yi mini magana, ina tattara lambobin da yake amfani da su don in haɗa da ƙarar.