Inci 2 da suka sa aka kwance mana rumfar burodi a Malesiya

'Yan uwa na gida, ina yi muku sallama. Kamfanin zanen gine-ginen da nake wa aiki a nan Kuwala Lumfur ya karɓi kwangilar tsara wa wata baiwar Allah 'yar ƙasar rumfar sayar da burodi a ɗaya daga cikin manyan kasuwannin zamani na birnin, kuma ni aka ɗora wa zanen da sa ido har a kafa ta. Rumfar ƙafa 10 ce tsawo da faɗi, a tsakiyar hanyar da jama'a ke wucewa, ba ta jingina da bango ko ɗaya ba. Kafin in ja layin farko, ofishin kasuwar ya miƙo mana kundin ƙa'idoji wanda ya faɗi iyakar tsayin rumfar, da irin katakon da ba ya saurin kama wuta, da yawan lantarkin da za mu ja, har da wajen da masu saye za su yi layi don kada su tare hanya.

Ba a yarda a buga ƙusa ko ɗaya ba sai an rufe kasuwar da ƙarfe 10 na dare. Haka muka kwana a tsaye da kafintoci da mai haɗa wuta, kuma gab da asuba muka gama, kowa ya gaji liƙis. Da gari ya waye sai ga wata matashiya daga ofishin, riƙe da tef ɗin awo da takardun zanenmu. Ta auna kantar rumfar, ta auna gilashi, ta leƙa ƙarƙashi, sannan ta ɗora tef a kan allon sunan rumfar ta ce ya zarce iyaka da inci 2, saboda kafintoci sun ɗan ɗaga ƙafafun domin su daidaita ta da daɓe. A gaban ma'aikatan nan ta ce a kwance, ba za a buɗe ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na shiga ba ta haƙuri, ina nuna mata cewa ba mai lura da wannan ɗan bambanci, mai rumfar kuma ta riga ta sanar da ranar buɗewa. Ko muryarta ba ta ɗaga ba. Ta ce in biyo ta, muka tsaya daga bakin matakala, ta nuna mini shagon takalman da ke bayan rumfar, ta ce shi ma kuɗin haya yake biya domin a hango shi daga nan, kuma idan ta bar mana inci 2 yau, gobe maƙwabcinmu zai nemi 4. Muka kwance, muka sake kwana a wurin, mai rumfar ta yi asarar cinikin ranar.

Har yanzu ina ganin da ta iya jan mu gefe ta faɗa mana, domin a al'adarmu ba a muzanta mutum a gaban waɗanda yake jagoranta, kuma sanyin fuskar ma'aikatan ofis na nan yana damuna. Amma ba zan ce ta zalunce mu ba. Abin da muka sa wa hannu shi ta zo ta duba, ba ta nemi na goro ba, kuma da babban attajiri ne a wurin da haka za ta yi masa.

Rumfar da ke tsakiyar hanya ba ta da baya, ana ganinta ta kowace kusurwa, saboda haka babu lungun da za a cusa buhu ko bokiti ko tsumma. Dole kowane kaya ya sami durowarsa a ƙarƙashin kanta tun a kan takarda. An hana gas da duk wata wuta mai harshe, don haka a wani wuri ake yin kwaɓin a kawo shi a daskare, a gasa a ƙaramar na'urar lantarki a gaban mai saye. Ƙamshin nan shi ne rabin tallan, kuma kamfanin burodi na Rotiboy, wanda ya fara a Bukit Mertajam ta jihar Penang a 1998, da shi ya yi suna, domin tun daga nesa hancinka zai kai ka wurin. Gilashi ya kare burodin daga tari da atishawa, fitilun kuma masu ɗan ja-ja ne don launin gashin ya fito. Wurin karɓar kuɗi na ajiye shi a ƙarshen kanta, nesa da burodin.

Abin da ya fi cin mini lokaci shi ne wurin wanke hannu. Babu bututun ruwa a tsakiyar daɓen, amma ba a karɓi wannan uzuri ba, sai da na ware gurbin tankuna biyu a ƙasan ɗan famfo, ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na wanda aka yi amfani da shi. Dokar tsabtar abinci ta 2009 ta kuma wajabta wa duk mai taɓa abincin sayarwa ya yi kwas, ya yi allurar rigakafin taifod. Tambarin halal ma ba a zana shi da ka, sai hukuma ta bincika ta bayar, kuma harshen Malay ne zai fito fili a kan allon suna kafin ƙaramar hukumar birnin ta ba da lasisi.

A nan ne zuciyata ta koma gida, kuma da ciwo ta koma. Muna da masu gasa burodi da ba su da na biyu, amma mun yarda hannun da ya ƙirga tsofaffin takardun kuɗi ya ɗauko mana burodi, mai sayarwa ya hura leda da bakinsa don ta buɗe, mai saye kuma ya lallatsa guda biyar kafin ya zaɓi ɗaya. Tun zamanin marigayiya Dora Akunyili NAFDAC ta haramta sinadarin buromet a burodi, ta kula da abin da ke cikin kwaɓi, mu kuma muka ƙi kula da teburin da ake ɗora shi. Ba talauci ne ya kawo haka ba, domin jarka biyu da famfo da ɗan akwatin gilashi kowane mai walda da kafinta a unguwa zai haɗa su. Abin da muka saba shi ne mu kira kafinta mu ce ya yi mana irin na wane, sai an gama a tuna ba a bar wurin soket ba, a ja waya ta ƙasa inda yara ke takawa. Mai kuɗin da zai kama wuri a kasuwar zamani a Kano ko Abuja ma yakan ga biyan mai zane asara ce.

Duk da haka, burodin nasu bai gamsar da ni ba. Laushi gare shi da zaƙi, ƙanana ne, da tsada, kuma ka ci uku ba ka ji ka ci komai ba, ba kamar namu mai nauyi da mai shayi zai yanka maka ya riƙe ka har azahar ba. Na ba mai rumfar labarin gurasar Jakara da yadda ake yin bandashe da ƙuli-ƙuli da mai da albasa, ta nuna sha'awa har ta ce mu gwada. Tanderu dai ba zai shiga kasuwar ba tunda an hana wuta, na'urar lantarkin kuma da muka gwada ta gasa ta sumul ta ko'ina, ba ta ba da ɗan ƙonon nan na gefen da ya manne da tukunya ba, saboda haka muka bar maganar sai an sami wani wuri a wajen kasuwar da hukuma za ta yarda a hura gawayi.