Klim ko kula mai ruwa, wanne ya fi tara funfuna?

Hajiya kin ce klim ɗin ɗakinku, wato na'urar sanyaya ɗaki, in an kunna wari yake kamar tsumman da ya kwana a jiƙe, ga yaronki mai asma, wai ko ki cire shi ki sayi kula mai ruwa ki huta. To ni duka biyun ina da su a gida nan Garwa, bari in faɗa miki abin da na gani.

Wallahi dukansu suna funfuna, don ita laima da ƙura kawai take nema, mu kuwa ƙura ai ba a magana, hunturu ya gama ɗura ma injin kafin ruwan farko ya sauka. Inda suka rabu shi ne, klim tsotse laimar ɗaki yake ya zubar waje ta ɗan tiyon nan mai ɗiga a bayan gida, ita kuwa kula ke kike zuba mata ruwa a tanki ta jiƙa soso ta huro miki, kin ga ƙara ma ɗakin laima take. A Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 iska a bushe ƙamas, kula ta yi, ga ta ba cin kuran, ƙarama ba ta wuce wat 100 zuwa 200 ba alhali klim mai doki ɗaya da rabi yana jan sama da wat 1000, faktir ɗin kuɗin wuta ma zai gaya miki. Amma a Agusta ga Binuwai ta cika ga ruwa kusan kullum, sanyin kula kaɗan ne, ɗaki sai ya yi dumu-dumu, ni bara takalman sallah na fata da ke ƙarƙashin gado sai da suka yi fari fat da funfuna, bayan sif ma ya yi baƙi. Laimar ɗaki in ta wuce kashi 60 cikin 100 ta daɗe a haka dama sai a hankali.

Inda kula ta fi shi, dattinta a fili yake, ki ɗaga murfi ki gani ki wanke da hannunki, ki zubar da ruwan tanki kullum kar ya kwana, in za ki kashe ki fara kashe fanfon ruwan ki bar fanka ta busar da soson.

Shi klim munafuki ne, nashi a ɓoye yake. Ki cire shi daga wuta, ki haska tocilan ta bakin da iska ke fita, akwai wani dogon abu kamar gora da ke juyawa, in kin ga ɗigo-ɗigo baƙi a jikinsa to shi yaron yake shaƙa. Nawa na yi ta wanke rariyar gaba warin ya ƙi tafiya, ashe zanzaro ne ya yi ɗaki a bakin tiyo, ruwa ya tsaya a kwanon ciki ya yi yauƙi. Sai da mai gyaran sanyi ya zo ya rataya leda ƙarƙashin injin ya wanke da ruwa mai ƙarfi, abin da ya sauko kamar ruwan kwata.

Don Allah kar ki watsa ma ƙarfen ciki jabel, wato bilic na wanki, cin shi yake, kuma jabel da binigar ba a haɗa su, iskar da ke tashi guba ce.

Ni dai da ni ce ke, da damina ba zan cire klim ba, a kira a wanke shi ranar da yaro ba ya ɗakin, rariya duk sati biyu a busar da ita a inuwa kafin a mayar, sannan a juya rimot zuwa fanka zalla kamar minti 30 kafin a kashe. Kula ki bari sai bazara. In tarin yaron bai lafa ba bayan wankin ki kai shi asibiti.