Kwashe katin PS2 gaba ɗaya, ko cire ajiyar wasa ɗaya-ɗaya: wanne ya fi?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana da tsohon katin memori na PS2 mai ɗauke da Master League ɗinsa na PES 6 da kuma GTA San Andreas da ya kusa gamawa. Yana so ya ci gaba a PCSX2, wato emuleta mai buga wasannin PS2 a kwamfuta, ko a waya, an kuma ba shi shawara biyu masu karo da juna: wani ya ce ya kwafi katin dungurungum, wani ya ce ya ciro kowace ajiya daban. To ɗan'uwa, duka biyun suna aiki, amma ba matsala ɗaya suke warwarewa ba.

Abin da suka haɗu a kai shi ne sai ka nemo PS2 mai rai. Katin ba ya shiga kwamfuta kai tsaye, don haka na'urar ce za ta karanta maka shi ta zuba a filash. Kana buƙatar wadda ke buɗe Free McBoot, manhajar da ake sawa a kati don PS2 ta iya kunna manhajojin da ba na Sony ba, ko makamancinsa, kuma yawancin waɗanda ake buga wasa daga filash a gidajen gem suna da shi. Filash ɗin ya zama FAT32. Ka kuma lura da ramin da ka sa katin: na farko shi ne mc0, na biyu mc1. Idan katin Free McBoot na rami na farko, naka yana mc1.

Hanyar kwashewa gaba ɗaya ita ce mai saurin bayani. Ka buɗe manhajar Memory Card Annihilator a PS2 ɗin, ka zaɓi yin hoton kati, wato kwafinsa dungurungum, ya ba ka fayil guda mai ɗauke da duk abin da ke ciki. A nan sai ka buɗe ido sosai, domin a jeri ɗaya da wannan zaɓin akwai na goge katin, kuma kuskuren danna maɓalli ɗaya ya ishe ka baƙin ciki. Daɗin hanyar shi ne ba ta barin komai a baya, har da wasannin da ka manta kana da su. Matsalarta kuma girman fayil ne. Katin da PCSX2 ke ƙirƙira, wato Mcd001.ps2, bayit 8,650,752 ne, saboda kowane shafi mai bayit 512 yana tafe da ƙarin 16 na gyaran kuskure da ake kira ECC. Hoton da ba shi da wannan ƙarin yana tsayawa a 8,388,608. Idan emuleta bai gane irin da ka ba shi ba, sai wasan ya ce katin ba a yi masa fomat ba, ya nemi izininka. Kada ka yarda. Akwai ƙananan manhajoji da ke ƙara ECC ɗin, da su ake gyara wannan.

Wani abu kuma: hoton kati yana kwaso lafiya da cuta tare. Sony mai 8MB kaɗai ta yi, duk waɗannan masu 16, 32 da 64 da suka cika kasuwa na wasu kamfanoni ne, kuma sun yi suna wajen lalacewa. In katinka irinsu ne, ko ka taɓa ganin Corrupted Data a cikinsa, to hoton zai tafi da ɓarnar kamar yadda take.

Hanya ta biyu ta fi yawan matakai, amma ni ita nake ba mutane. Ka buɗe wLaunchELF, manhajar sarrafa fayiloli a PS2, ka shiga katinka, za ka ga folda-folda masu sunaye kamar BESLES ko BASLUS da lambobi. Ka tsaya kan wadda kake so, ka danna R1, ka zaɓi Copy. Sai ka koma mass, wato filash ɗinka, ka sake danna R1, amma wannan karon psuPaste za ka zaɓa, ba Paste zalla ba. Bambancin ba ƙarami ba ne. Paste zalla yana zube fayilolin a FAT32, inda alamomin da PS2 ke maƙala wa kowane fayil kan ɓace, wasu sunayen ma tsarin ba ya karɓarsu. Shi kuwa psu, fayil ɗin da psuPaste ke fitarwa, yana ƙulle komai a ƙunshi ɗaya yadda yake.

A kwamfuta, ka fara kunna PCSX2 ba tare da wasa ba, ka shiga BIOS, ka yi wa sabon katin fomat, domin mymc, manhajar kwamfuta da ake shigar da ajiya cikin katin PCSX2 da ita, ba ya buɗe katin da ba a yi wa fomat ba. Ka rufe emuleta ɗin ruf, ka buɗe Mcd001.ps2 da mymc, ka shigo da fayil ɗin psu. Shi ke nan. Wannan manhajar tana karɓar .max na Action Replay da .cbs na CodeBreaker, saboda haka duk ajiyar da ka sauke daga intanet ta nan za ta bi. Katin da ka samu a ƙarshe sabo ne, lafiyayye, girmansa daidai, kuma kana iya haɗa ajiyoyi daga katuna uku ko huɗu a cikinsa muddin akwai wuri. Wannan kam hanyar farko ba ta iya shi.

Ga mai waya, AetherSX2 da NetherSX2 irin katin PCSX2 suke amfani da shi, don haka ka gama aikin a kwamfuta, sannan ka tura katin zuwa waya. Daga Android 11 zuwa sama an tsaurara shiga folda ta Android/data, shi ya sa ya fi sauƙi ka shigo da katin ta cikin saitin manhajar kanta.

Yanzu ga abin da ke kayar da hanyoyin biyu tare, kuma shi ne mafi yawan dalilin "na yi komai amma bai fito ba": yankin wasan. San Andreas na Amurka lambarsa SLUS-20946, na Turai SLES-52541. Wasan yana neman folda mai lambarsa ne kawai. In ajiyarka BESLES ce, wato ta Turai, ka kuma kunna na Amurka, zai ce babu komai a katin alhali tana nan zaune. Ka duba sunan foldar tukuna, sannan ka san wane kwafin wasan ya dace da ita. Masu PES su ƙara kula, domin faya-fayan da aka yi wa kwaskwarima da sabbin 'yan wasa sau da yawa an gina su kan wata fitowa dabam, kuma ban da Master League akwai Option File, wanda shi ke riƙe da sunayen ƙungiyoyi da rigunan da ka gyara. Ka ciro su duka, in ba haka ba ka tarar da Merseyside Red a wurin Liverpool.

Kuma a gwajin farko ka loda daga cikin wasan kansa, ba daga save state ba. Shi save state hoton halin da emuleta ke ciki ne, ba ya nuna maka ko katin ya shiga.

Shawarata gare ka, tunda wasa biyu kawai ka ambata: ka yi hoton katin gaba ɗaya ka adana shi a wuri biyu kada ka taɓa, sannan ka ciro PES da GTA da psuPaste ka yi wasa da su. In katin na asali ne mai 8MB kuma ajiyoyin sun kai ashirin, to fara gwada hoton, ka koma psu ga duk wadda ta ƙi buɗewa.