Kafin Ka Kwashe Rumbun Bayananka Zuwa Gajimare, Da Wane Mudu Za a Auna Sabarka?

Duk kamfanin da ya zo da tayin mayar maka da rumbun bayanai kan gajimare, wato kwamfutocin haya da ake amfani da su ta intanet, abin da zai fara nema shi ne izinin auna sabar da kake aiki da ita yanzu, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun. Daga wannan awon ne kuɗin da za ka riƙa biya duk wata zai fito, kuma yawanci da dala ake lissafa shi alhali kai naira kake samu. In aka auna sama da buƙatarka, ka ɗauki hayar katafaren shago domin kayan da ba su cika teburi ba. In kuwa aka auna ƙasa, ranar biyan albashi ko makon rajistar ɗalibai komai zai cije, jama'a su yi ta kiranka a waya. Shi ya sa nake ganin zaɓen ma'aunin ya cancanci natsuwa irin wadda ake ba zaɓen gajimaren kansa.

Abubuwan da ake son sani sanannu ne: nawa ake ci daga ƙarfin CPU (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi), nawa ake ci daga RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai), sau nawa ake karatu da rubutu a kan faifai cikin daƙiƙa ɗaya, wato abin da ake kira IOPS, tsawon jiran da ake yi kafin faifan ya amsa, girman rumbun da saurin ƙaruwarsa, sai kuma sigar manhajar da irin lasisinta. A rumbun bayanai, faifai ne ya fi yawan ba mutane mamaki, domin a gajimare saurinsa ma sayensa ake yi.

Hanya mafi arha ita ce RVTools, ga masu amfani da VMware, manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa injuna da yawa. Cikin 'yan mintoci zai fitar maka da jerin dukkan injunanka a takardar Excel. Amma hoton lokaci guda yake ɗauka, ya fi nuna abin da aka ware wa inji, bai ba ka tarihin abin da injin ya ci ba. Ya isa ƙidayar kaya, bai isa yanke farashi ba.

Sai kayan awon masu gajimaren, waɗanda kyauta suke bayarwa. Na Microsoft shi ne Azure Migrate. Ana kafa inji guda a cikin ofishinka, shi zai riƙa leƙa sabobin ba tare da an ɗora musu komai ba. A kan SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, yana ɗaukar awo duk daƙiƙa 30, ya dunƙule su duk minti 10 ya aika, a ajiye na wata guda. Wannan yawan leƙen shi ne babban alherinsa, domin cunkoson minti biyar ba zai wuce shi ba. Idan aka zo lissafi, bisa al'ada yana zaɓar matakin da kashi 95 cikin 100 na awon ba su haura ba, kuma kana iya ɗaga shi zuwa 99 in aikinka mai tashi farat ɗaya ne. Sai dai injin ba ƙarami ba ne: a VMware yana neman RAM mai gigabayit 32 da vCPU 8 (vCPU shi ne kason CPU da ake ware wa inji), kuma yana son intanet da ba ta yankewa. In layinka mai zuwa da tafiya ne, za a samu giɓi a awon, rahoton kuma ya yi rauni. Wanda rumbunsa SQL Server ne, ban ga abin da ya fi wannan sauƙi ba.

Google na da Migration Center, wanda ya taso daga StratoZone da suka saya a 2020. Abin da ya fi burge ni a wajensu shi ne sikirif ɗin Database Migration Assessment da suka sa a fili a GitHub, shafin ajiye manhajoji, masu aiki da rumbunan Oracle, SQL Server, PostgreSQL da MySQL. Kai da kanka za ka kunna su da asusun da ke da izinin karatu kawai, su zuba sakamako a fayiloli, ka buɗe ka duba da idonka kafin ka miƙa wa kowa. Ga banki ko asibiti inda jami'in tsaro ba ya yarda wani inji ya riƙa fitar da bayanai waje ba dare ba rana, wannan tsari ya fi samun karɓuwa. Rauninsa shi ne ya dogara da tarihin da rumbun ya riga ya tara wa kansa.

AWS, gajimaren Amazon, kuma suna da Migration Evaluator, wanda asalinsa TSO Logic ne da suka saya a 2019, yana da ƙarfi wajen lissafin kuɗi da lasisi. Amma suna cikin sauya kayansu: sun sanar da janye tallafi ga DMS Fleet Advisor, wani kayan awon rumbun bayanai nasu, daga Mayun 2026. Don haka in ɗan kwangila ya kawo maka sunan wani kayan awo nasu, ka tambaye shi ko har yanzu ana karɓar sababbin masu amfani.

Masu Oracle, a nan nake so ku tsaya da kyau. Mafi yawan kayan awo za su nemi rahoton AWR, wato tarihin aiki da rumbun Oracle ke tara wa kansa, kuma gaskiya babu abin da ya kai shi bayani. To amma AWR na cikin Diagnostics Pack ne, lasisi daban da ake saya a kan Enterprise Edition. Ƙofarsa a buɗe take ko ba ka saya ba, kuma rumbun yana rubuta cewa an yi amfani da shi a DBA_FEATURE_USAGE_STATISTICS. Wato awon da aka ce maka kyauta ne zai iya zame maka bashi ranar da aka zo binciken lasisi. Ka duba takardunka tukuna. In ba ka da lasisin, Statspack, wani ma'aunin Oracle, na nan kyauta, sai dai dole ka kafa shi da wuri ya tara tarihi. Ko kana da lasisin ma, AWR bisa asali duk awa ɗaya yake ɗaukar hoto, kuma kwana 8 kaɗai yake ajiyewa. Matsakaicin awa guda yana shanye cunkoson minti goma, kwana 8 kuma zai iya ƙarewa bai taɓa ƙarshen wata ba. Ka rage tazarar zuwa minti 15, ka tsawaita ajiyar ta haura kwana 31, sannan ka jira. Jiran ba ɓata lokaci ba ne, domin a AWS da Azure, Oracle na ƙirga vCPU 2 a matsayin lasisin firosesa ɗaya in an kunna hyperthreading, fasahar da ke sa ƙwayar firosesa ɗaya ta yi aiki kamar biyu, don haka kowane vCPU da aka ƙara bisa kuskure kuɗi ne masu nauyi.

Akwai kuma matsalar da takardun waɗannan kamfanoni ba su cika damuwa da ita ba, amma mu tamu ce ta kullum, wato wuta. Alƙaluman da SQL Server ke tarawa, irin na sys.dm_io_virtual_file_stats, suna komawa sifili duk lokacin da aka sake kunna shi. Haka performance_schema na MySQL. PostgreSQL ma yana zubar da nasa in ya mutu ba shiri. Na taɓa ganin rahoton da aka gina kan sabar da ta mutu kwana biyu kafin awo, saboda batirin UPS ya gaza a tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta. Rahoton ya nuna rumbu mai zaman lafiya, alhali ƙarshen mako kawai ya gani. Tun daga ranar, tambayata ta farko ga duk wani rahoto ita ce: yaushe sabar nan ta tashi na ƙarshe?

Wannan ne ya sa nake ba da shawarar ka mallaki ma'auninka na kanka, ko da za ka karɓi na masu gajimare. Zabbix, ko Prometheus da Grafana, ko Percona Monitoring and Management ga masu MySQL da PostgreSQL, duk kyauta ne, kuma suna ajiye awon a wani inji daban, mutuwar sabar ba ta goge shi. A SQL Server daga sigar 2016 zuwa sama, Query Store na ajiye tarihinsa a cikin rumbun, yana tsallake sake kunnawa. Farashinsu lokacin ma'aikacinka ne, kuma ba za su faɗa maka wane inji za ka haya ba. Amfaninsu shi ne kana da lambobin da za ka ɗora a gaban kamfanoni uku ka ce kowa ya yi maka farashi a kansu. Mai gajimare ba ƙarya zai yi maka ba, amma rahotonsa kayan shagonsa kaɗai zai nuna maka.

Kafin ka aika kowane fayil, ka buɗe shi. Awon CPU ba ya ɗauke da sirrin kowa, amma rubutun tambayoyin SQL yakan zo da lambar waya, suna, har da BVN a cikinsa in masu manhajar sun cusa su kai tsaye. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da irin waɗannan zuwa ƙetare. Kada kuma ka ba kowa asusun shugaba, mai cikakken iko kan rumbun: izinin VIEW SERVER STATE a SQL Server da na pg_monitor a PostgreSQL sun wadatar da mafi yawan awon.

Abu ɗaya da duk ma'aunan nan ba za su auna maka ba shi ne nisa. Cibiyoyin manyan kamfanonin uku a Afirka suna Afirka ta Kudu ne: Azure a Johannesburg tun 2019, AWS a Cape Town tun 2020, Google a Johannesburg tun 2024. In manhajarka za ta zauna a Kano rumbun ya tafi can ko Turai, kowace tambaya sai ta yi wannan tafiya ta dawo, kuma shafin da ke aika tambaya 200 kafin ya buɗe zai ji a jikinsa. Ka hayi ƙaramin inji na kwana ɗaya a cibiyar da kake tunani, ka auna jinkirin daga ofishinka da tsakar rana lokacin da layi ya cika, ka haɗa lambar da sauran awonka na kwana 31 kafin ka zauna da kowane ɗan kwangila.