Sharhi kan shirin horo na mako 12 don gasar tirayatlon ta gajeren zango

Na yi rajista da wannan shirin horo ne bayan na ƙudurta shiga gasar tirayatlon ta gajeren zango da aka shirya a tsakiyar birni, wato ninƙaya ta mita 750, da tseren keke na kilomita 20, da gudu na kilomita 5, duka a jere ba tare da an tsayar da agogo ba. Wannan zangon rabin na gasar Olamfik ne daidai, gasar da aka fara sanya tirayatlon a cikinta a Sidni a shekarar 2000, kuma gajartarsa ce take sa mutane da yawa su raina shi. Shirin na mako 12 ne, inda mai horarwa yake turo jadawalin kowane mako ta manhajar waya, sannan a haɗu da shi sau ɗaya a ƙarshen mako tare da sauran ɗalibai.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda shirin ya ɗauki sauyi daga wasa zuwa wasa a matsayin darasi mai zaman kansa. Tun daga mako na huɗu aka fara haɗa mana keke da gudu a zama ɗaya, mutum ya sauka daga keke ya zura takalmi ya kama gudu nan take. A karon farko ƙafafuna sun yi nauyi kamar an ɗaura musu duwatsu, domin tsokokin da suka saba da juya feda ba sa karɓar gudu cikin sauƙi, amma kafin mako na tara jikina ya saba, nauyin ba ya wuce mintuna kaɗan. Haka kuma mai horarwa ya sa mun maimaita tsarin filin sauya kaya har ya zauna mana a ka: a ɗaure hular kwano kafin a taɓa keke, a tura shi da hannu har a wuce layin hawa, kuma kada a kwance hular sai an mayar da keken mazauninsa. Waɗannan dokokin gasa ne da ake hukunta wanda ya karya su, kuma a ranar gasar na ga alƙali ya tsayar da wani ɗan wasa saboda ya kwance hularsa da wuri.

Ɓangaren ninƙaya ma ya cancanci yabo, musamman zama uku da muka yi a buɗaɗɗen ruwa. A kududdufin ninƙaya akwai layi a ƙasa da mutum zai bi, akwai kuma bango da zai dafa ya huta, amma a kogi ko tafki babu ko ɗaya. An koya mana ɗaga ido kaɗan a kai a kai don hango alamar da ke yawo a saman ruwa, da yadda mutum zai natsu idan hannun wani ya buge shi a cunkoson farawa. An kuma yi mana bayanin dokar rigar roba mai tare sanyi, wadda a ƙa'idar hukumar wasan ta duniya ake hana yawancin waɗanda ba ƙwararru ba sanya ta a irin wannan zangon idan ɗumin ruwa ya kai digiri 22 a ma'aunin Celsius, ake kuma wajabta ta idan ya gaza 16. Sanin haka ya sa na yi atisaye da rigar da kuma ba tare da ita ba.

Inda shirin ya gaza shi ne wajen keke, kuma wannan gazawar ta dame ni ƙwarai. Kusan duk atisayen an gina shi ne kan ƙarfi da juriya a miƙaƙƙiyar hanya, alhali gasar cikin birni zagaye ce da ake maimaitawa a titunan da aka rufe, cike da kwanoni masu tsanani da wuraren juyowa. Ba a ware ko zama ɗaya don koyar da lokacin kama birki, ko rage giya kafin shan kwana, ko sake ɗaukar gudu bayan an fita daga gare ta ba. A gasar na riƙa asarar daƙiƙoƙi a kowace kwana, ina kallon waɗanda na wuce a miƙe suna sake wuce ni. Amsar tambayoyi a manhajar ita ma takan yi jinkiri har kwana biyu.

Duk da haka, na shiga makon ƙarshe da jiki a huce, domin an rage yawan atisaye yadda ya kamata, kuma na kammala gudun kilomita 5 ɗin ba tare da na koma tafiya ba. Ina ba da shawarar shirin ga mai shiga gasarsa ta farko, musamman wanda ruwa yake tsoratar da shi, da sharaɗin ya nemi fili babu motoci ya koyi shan kwana da kansa aƙalla sau ɗaya a mako.