Masallacin Juma'a ko na khamsu salawati?

In Allah ya hore wa mutum zai gina masallaci, yawanci na Juma'a yake hange, a ga hasumiya da mumbari jama'a har kan titi, to amma fa ba haka kawai ake tsayar da Juma'a ba. A Malikiyya sai an samu maza 12 mazauna garin ban da liman, Shafi'iyya ma 40 suka ce, kuma malamai da yawa ba sa son a yi ta rarraba Juma'a a gari ɗaya in ba tsohon masallacin ne ya yi wa mutane kaɗan ba. Sannan wa zai riƙe huɗuba duk sati? Sai mai ilimi.

Na khamsu salawati kuwa ɗan fili ya wadatar, shimfiɗa, butoci, wajen alwala, shikenan. Amma sau biyar kullum ana buɗe shi, dattijo mai ciwon gwiwa ya dogara sandarsa ya samu jam'in asuba, wanda aka kwana biyu ba a gani a sahu ba a bi shi gida a duba lafiya. Wallahi ni shi na fi so a yawaita, musamman inda akwai na Juma'a kusa.